Jan Zare a Igiyar Arzika

Ranar wata Lahadi ce, kasuwar Filinge tana ci, lokacin girbi, shekara ta biyu bayan babbar yunwar nan da ta sa mutanen Kurfai suka ci ƙarangiya. Shekarata tara ko goma, ina tsugune a gindin aduwa kusa da kakata Gwamma, ina kore mata ƙudaje daga faifan daddawa. Ita kuwa ta manta da ciniki, ta kama gardama da mahaucin da ke maƙwabtaka da mu a kan wani kayen kokowa da aka yi tun bara, har wata mata ta gaji da tsayuwa ta wuce gaba. Ana cikin haka wani mutum ya zo ya tsuguna a gabanmu. Abin da na fara gani takalminsa ne, irin mai rufe ƙafa duka, wanda ban taɓa ganin baƙar fata da shi ba. Ya gaishe ta da ladabi, ya kira ta Inna, Hausarsa tana da wata karkata da ba ta ƙasarmu ba. Ya ce tun daga nesa aka ba shi labari cewa a duk faɗin dallol, kwarin nan namu mai goriba, babu wanda ya san 'yan kokowa kamar ta, mace ko namiji. Na ga fuskar Gwamma ta washe. Mahaucin nan da tun hantsi bai bar maganarta ta faɗi ƙasa ba, sai ya yi gyaran murya, ya juya mana baya, ya duƙufa kan namansa. Gwamma ba ta ko dube shi ba. Ta sa hannu a ƙugu ta kwanto jakar igiyoyinta.

Wanda bai san Gwamma ba zai yi mamakin yadda tsohuwa mai daddawa ta zama abin tambaya a sha'anin maza. Ubanta ɗan kokowa ne, ita ce 'yarsa tilo, a bakin fage aka yaye ta. Ba ta san ko alifi ba, amma kowane saurayin da ya taɓa ɗaura walki ya shiga fage a ƙauyukanmu yana da igiyarsa ta kaba a jakar nan. In ya ka da mutum sai ta yi ƙulli ɗaya. In shi aka ka da, sai ta tsinko jan zare daga bakin wani tsohon zanenta ta ɗaura. Kowace igiya da alamarta, wannan gashin zabo, wancan ɗan wuri, ba ta taɓa rikita ta wani da ta wani ba. Idan gardama ta kaure a dandali kan wane ya fi wane, ƙarshenta sai a ce a je a tambayi Gwamma, don a wannan fanni ba ta san ɗan'uwa ba. Takan ce, "Kaye kaye na, ko ɗanka anka kayas." Na taɓa ganin ta ɗaura wa wani ɗan'uwanta na jini jan zare tana hawaye.

Son kai ne ba ta da shi, amma baki kam, Allah ya jiƙanta, an ba ta rabonta har da na maƙwabta. Da an gama ɗaurin dammuna an fara zagayen kokowa ƙauye-ƙauye, sarkin samarinmu, mai zaɓen wanda zai buɗe fage da wanda zai rufe, ba ya sake samun sukuni. In ya sa ƙato a gaba, ta ce tuwo ne ba ƙarfi ba. In ya ajiye wani, ta bi shi har bakin rijiya tana tambayarsa laifin yaron, ko don uwarsa ba ta aika masa da fura ba ne. A ganinta sabon ango bai kamata ya ɗaura walki ba sai ya shekara, don ƙafafunsa suna ɗaki. Shekarar da aka aro wani gwani daga wani gari don a ci mutanen arewa, ta ƙi yi masa igiya, ta ce nasarar aro ba ta fi rigar aro ba. Sarkin samari, bawan Allah, yakan hango ta ya sake hanya, ya bi ta bayan rumbuna. Abin haushin a gare shi, sau da yawa gaskiyarta ce ke fitowa.

Igiya ɗaya ce a jakar babu jan zare ko ɗaya, ta wana Arzika. Ya girme ni da kamar shekara goma, ciwo da yunwa sun kwashe waɗanda ke tsakaninmu. Ba ƙato ba ne, ba shi da surutu, in ka gan shi yana jan guga ba za ka ce shi ne ba. Amma shi ne gonarmu, don Baba ya riga ya fara ciwon baya, kuma shi ya fitar da mu daga yunwa, da ya riƙa ɗauko kanwa a ka yana musanya ta da hatsi. Shi ya koya mini saƙa majajjawar korar tsuntsu, da gasa fara, da yadda ake riƙe ƙafa a langa ba a gaji ba. Da yamma in na koro awaki daga gindin duwatsun da suka yi wa kwari katanga, yakan durƙusa a rairayi ya ce in ka da shi, in yi ta fama har numfashina ya ƙare. Sunana Nomau, amma Gwamma maigida take kirana, tana cewa ba ta taɓa auren rago irina ba. Ita ta koya mini kirarin Arzika, dutsen dallol, don muryata siririya ce mai tafiya nesa, irin ta masu kiran awaki. Duk ranar kokowa, da ya kama abokin karawarsa ni nake miƙewa in kira shi, Tunau makaɗi ya ɗora da takensa a ganga, kafin ka ce me mutum yana ƙasa. Har na ɗauka da muryata yake kaye.

To, waɗannan igiyoyi ne Gwamma ta baje a tabarma ranar nan a kasuwa, ɗaya bayan ɗaya. Mai takalmi ya ciro takarda da wani siririn itace mai rubutu ba tawada. Tana faɗa yana rubutawa, sunan yaro, sunan ubansa, ƙauyensu, wanda ke da ƙarfin ƙugu, wanda ke da dogon numfashi, wanda ya taɓa karaya. Yana jinjina kai yana cewa madalla, ita kuwa daɗi ya kwashe ta, don ba ta taɓa samun mai sauraron da bai katse ta ba. Ta bar ta Arzika a ƙarshe, ta miƙa masa ta ce ya laluba, in ya sami ja ta ba shi daddawar duka. Ni ma ba a tambaye ni ba na miƙe na rera masa kirarin, ya yi dariya ya shafa kaina. Sai da ya tafi mahaucin ya juyo ya ce, "Gwamma, kin san ko wa na wanga? Tahinta na, na Anasaran da yaz zo ɗibar soja." Ta ce ai ba sata ta yi ba, gaskiya ta faɗa. Amma a hanyar gida, tafiyar rabin yini cikin rairayi, ba ta yi mini tsiya ko sau ɗaya ba. Jakar ma ba ta mayar da ita ƙugu ba, ta cusa ta cikin ƙwarya ta rufe da faifai.

A shekarun nan Nasara ba baƙo ba ne a ƙasarmu, tun kafin a haife ni ya kafa barikinsa. Mun saba a zo a kwashi maza ɗaukar kaya ko sharar hanya, su yi wata guda su dawo da ƙafafu a fashe. Amma a shekarar wani labari dabam ne yake yawo ƙasa-ƙasa, wai Nasara suna yaƙi da junansu can bayan ruwan gishiri, mutanensu sun ƙare, suna neman namu. Garin da aka ce ya kawo samari sai ya tura guragu da masu tari, lafiyayyu su shige daji. Saboda haka da gardi, wato ɗan sandan Nasara, ya zo a kan doki bayan kwana huɗu, ya ce baƙon Nasara yana son ya ga wasan ƙasa, za a yi kokowa a Filinge Lahadi ta sama, babu wanda ya yi murna. Wani falke ma ya riga ya ce ya ga an yi irin wannan wasa a can kudu, kuma waɗanda suka yi kaye su aka tafi da su. Gardin ya zayyano sunaye da ka, ya ce wanda bai zo ba za a ɗaure ubansa a madadinsa. Sunan Arzika ne na farko. Baba ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana duban uwarsa. Ɗa ba ya zagin uwa, abin da ya ce kawai shi ne, "Inna, baki shi ka yanka wuya." Gwamma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsinkar yakuwarta.

Washegari dattawa suka zauna a gindin gawon maigari, suka yanke shawarar da ba a taɓa jin irinta ba a Kurfai: kowa ya je, amma kowa ya faɗi. Tunda gwani Nasara ke nema, a nuna masa babu gwani. Maigari ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Aka gargaɗi Tunau kada ya kuskura ya kaɗa taken kowa, aka gaya wa mata kada a ji guɗa. Ba a kira Gwamma ba, amma ta je ta tsaya daga gefe, kowa yana jiran ta tayar da ƙura. Sai ta yi magana a hankali. A dokar kokowarmu, ko gwiwa ko tafin hannu ya taɓa ƙasa an yi kaye, ba sai an kwantar da mutum ba. Ta ce, "Shi kai gwiwa ƙasa, kamar santsi na ya ɗebe shi. Gwiwa ba baya ba ta. In ɗaura mishi jan zare, amma bayanshi shi tsira." Arzika da ke zaune a bayan Baba ya ce ya yarda. Aka tashi kowa yana ganin an sami mafita.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi mini na yunwa muni. Kullum da la'asar Arzika da sarkin samari sukan zagaya bayan rumbuna, wanda bai taɓa faɗuwa ba yana koyon faɗuwa. Abin ya ƙi shi. Da an ture shi sai ƙafarsa ta nemi wuri da kanta ta kafe, sarkin samari ya yi tsaki ya ce a sake. Nakan leƙa su ta tsakanin kara. Babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mini mene ne soja, ko ina ne bayan ruwan gishiri. An dai ce ranar Lahadi in rufe bakina. Ni abin da na gane shi ne ana so a kunyata wana a gaban duniya, ga yara sun fara yi mini dariya a wurin langa, suna durƙusawa da gangan suna cewa ga Arzika. Na yi dambe da biyu, aka fasa mini leɓe. Garin kuma ya yi wani irin shiru. Hatsi ya yi kyau, rumbuna sun cika, amma ba a kaɗa ganga ko sau ɗaya ba, mata suna daka ba lugude ba waƙa. Inna, mahaifiyarmu, takan cika wa Arzika ƙwaryar fura, sai ta tuna ta rage, wai kada ya yi kyan gani. Gwamma ta daina zuwa bakin rijiya.

Ranar Lahadi muka kama hanya da sassafe kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. An share fili a gefen kasuwa, mutanen ƙauyuka sun kewaye shi, har da na wajen Bonkuku da Imanan, Zabarmawa da Buzaye. Ban taɓa ganin taro mai yawa haka da ƙarancin hayaniya ba. Gardawa suna tsaye a gefe-gefe da bulala. Nasaran yana zaune a kujera ƙarƙashin rumfa, da malafa mai tauri, takarda a kan gwiwarsa. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, kallonmu yake yi yadda Baba ke kallon tumaki a kasuwa. Mai takalmi ya fito tsakiya ya faɗi yadda za a yi wasan. Kowa ya tuɓe layunsa da gurayensa ya ajiye, a ga jikinsa sosai. Ba wanda zai miƙa wa wani hannu ya zaɓe shi kamar yadda aka saba, takarda ce za ta haɗa. Sannan ya dakata ya dubi jama'a, kamar wanda ya san abin da aka ƙulla a gindin kowane gawo. Ya ce gwiwa ba kaye ba ce, hannu ba kaye ba ne. Sai bayan mutum ya kwanta a ƙasa shimfiɗe, har Nasara ya ɗaga hannu.

Na ji Gwamma ta ja numfashi a gefena. Da wata rana ce, da duk Filinge ta ji ra'ayinta a kan wannan doka. Ta dai ce ƙasa-ƙasa, "Wagga ba kokowa ba ta, yankan rago na." Baba ya ratsa ya je ya raɗa wa Arzika magana a kunne. Na ga Arzika ya dubi ƙasa, ya dubi wajen da muke, ya gyaɗa kai. Gwamma ta ja bakin mayafinta ta cusa a baki ta cije. Aka fara. Ashe abin da dattawanmu suka ƙulla shi kowane gari ya ƙulla. Ƙarti biyu su kama juna, kowa yana jan ɗan'uwansa ya faɗo masa a kai, su yi ta tangaɗi kamar 'yan maruƙa sababbin haihuwa. Na farko suka zube tare, gardi ya shiga ya zuba musu bulala aka ce su sake. Daga nan abin ya zama wanda ya riga kai bayansa ƙasa shi ya tsira, wanda aka bari a sama kuwa a jawo shi gefe a zaunar kusa da rumfa. Uwar wani ta fashe da kuka da ɗanta ya yi kaye. Ban taɓa ganin haka ba, kuma ko a lokacin ban gane ba.

Aka haɗa Arzika da wani siririn Bazabarme daga wajen Bonkuku, wanda a igiyar Gwamma jansa ya fi ƙullinsa yawa. Suka kama. Yaron ya yi ta neman zubewa, amma Arzika ya fi shi ƙarfi ko a wajen faɗuwa. Ya rungume shi ya ɗan ɗaga shi don kada ya riga shi, ya fara yin baya a hankali yana janyo shi a kan ƙirjinsa. Na ga ƙafar nan tasa mai kafewa da kanta ta saki. Na ga bayansa yana sauka, tsakaninsa da rairayi bai fi taƙi ɗaya ba. A daidai nan wani gardi da ke tsaye a gabanmu ya yi dariya ya ce, "Wanga na dutsen naku?" Gwamma ta runtse ido, mayafi yana bakinta, ba ta ce uffan ba. Ita ta iya. Ni ne ban iya ba. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai dai na ji muryata ta tsaga filin nan mai shiru: "Dutsen dallol, ba a kai ka gida! Jikan Gwamma, ƙasa ba ta san bayanka ba!" Tunau yana zaune da ganga tun isowarmu bai taɓa ta ba. Amma ya saba in na kira shi ke amsawa, hannunsa ya faɗa kan fata kafin hankalinsa ya hana shi, bugu uku kacal. Har gobe ban yarda Arzika ya yi niyya ba. Ƙugunsa ne ya murɗa a iska kamar yadda ya saba. Ƙura ta tashi, da ta lafa yaron yana kwance shimfiɗe, Arzika yana kansa.

Na daka tsalle ina jiran guɗa, babu wanda ya yi. Na duba hagu na duba dama, duk idon da na haɗa da shi sai ya kauce. Nasara ya ɗaga hannu, ya yi ɗan zane a takardarsa, shi kaɗai ne ya tafa a filin. Muna kusa sosai har na ji yaron da ke ƙasa yana ce wa Arzika fofo, fofo, wato godiya da bakinsu. Arzika ya tashi ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya ba yaron hannu ya tashe shi, ya tafi da ƙafarsa ya zauna a gefen rumfa ba tare da an ja shi ba. Kafin la'asar ta yi sanyi an gama, aka zarga wa waɗanda suka yi kaye igiya ɗaya a ƙugu. Inna ta faɗi a rairayi mata suka riƙe ta. An bar mu mun matsa kusa kaɗan. Arzika ya miƙa wa Baba layunsa, ya durƙusa wa Gwamma da igiya a jikinsa, sannan ya dube ni. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Nomau, muryag ga taka hal Imanan an ji ta. Ka riƙa shayas da awaki tun da sahe." Suka yi kudu, gardawa a kan dawakai gaba da baya. Muka tsaya har suka ɓace a cikin goriba.

Babu wanda ya doke ni, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Baba bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya, sai dai da damina ta faɗi ya ɗauko hauyar Arzika ya ba ni, ta fi ƙarfina. Gwamma kuwa duk wanda ya zo jaje sai ta ce ita ce, ita ta ba da jikanta a kasuwa a kan daɗin baki, ba ta bari kowa ya ambaci sunana ba. Kwana uku bayan tafiyarsu, da hantsi, ta kira ni bayan ɗakinta inda take dafa daddawa. Ta zazzage jakar nan a wuta, igiyoyin samarin dallol duka, ina kallo suna murɗewa. Ta Arzika kaɗai ta rage. Ta miƙo mini ta ce in yi ƙulli, na ce ba zan yi ba. Ta ce, "Ƙulla, maigida. Ya kayas, kaye kaye na." Na ƙulla ina kuka. Sai ta tsinko jan zare daga bakin tsohon zanen nan, ta ɗaura a ƙarƙashin ƙullin. Na ce ai ba a ka da shi ba. Ta ce, "Wanga ba nashi ba na. Namu na, ni da kai."

Bayan 'yan shekaru wasu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, wani ba hannu, wani da tari. Duk wanda aka ce ya iso, ko ƙauyensu tafiyar yini ne, sai Gwamma ta dafa kafaɗata mu je, don idonta ya riga ya dushe. Mutum ɗaya ne ya san shi. Ya ce sun zauna tare a wani babban sansani a bakin ruwan gishiri suna jiran jirgi, da yamma sojoji sukan yi kokowa don ɗebe kewa, kuma Arzika ya ka da duk wanda ya fito masa. Daga nan aka raba su jirgi, bai sake jin ɗuriyarsa ba. Ina jiran Gwamma ta tambaya ko yana da lafiya, ko ya ba da saƙo. Sai na ji ta ce, "Mutum nawa yak kayas?" Mutumin ya ce bai ƙidaya ba. Ta tambaya ko da gwiwa aka yi ko da baya, ya ce bai lura ba. Ta yi tsaki irin wanda take yi wa sarkin samari, hannunta yana laluben ƙugunta inda jaka take a da. Sannan ta tuna, ta rufe fuska da mayafi. Ban taɓa jin ta yi kuka da sauti ba sai ranar. Ba ta ga wani girbin ba.

Yau kokowa ta zama ta gwamnati. Akwai alƙali mai usur, akwai agogo, ana sa ta a rediyo har makiyayi a daji ya ji. Jikokina sukan kewaye rediyon a zaure suna gardama kamar za su cinye juna, a kan wanda aka zaɓa ya wakilci jaha da wanda aka bari a gida, da dokar da aka sake bana, da wanda ya fi yawan kaye. In na rufe ido sai in ji kamar Gwamma ce ta dawo da baki goma. Da tana nan da babu dokar da za ta tsira daga harshenta, amma na san abu ɗaya zai yi mata daɗi. Yanzu wanda ya ka da kowa takobi ake ba shi, a raka shi da kiɗa har ƙofar uwarsa. Igiyar tana nan a adakata, kabar ta bushe har ina tsoron taɓa ta, jan zaren ya koɗe ya koma launin ƙasa. Yaran nan in kaye ya yi kyau sukan tashi da ihu, su waiwayo su ga ina zaune shiru, su ce Tsoho bai san daɗin kokowa ba. Nakan bar su a haka. Tun daga ranar nan ban sake kiran sunan kowa a bakin fage ba.